Yadda Na Mayar da Kakata Mai Roƙon Kuɗinta

A gidanmu ni ake kira idan maganar banki ta taso, ko waya ta rikice, ko za a cike fom. Akwai waɗanda suka fi ni karatu, amma babu wanda ya kai ni son a san na iya. Wannan halin ne ya kai ni ga yi wa kakata ta wajen uba abin da har yau nake jin kunyarsa. Da kyakkyawar niyya na yi, shi ya sa na daɗe ban gane ɓarna nake yi ba.

Hajiya ta haura shekara tamanin. Tun dalar gyaɗa na tsaye a Kano take matsar mai, tana suyar ƙuliƙuli a cikin gida, yara na kai talla. Da fam da sule ta fara ciniki, ta kashe sisi da taro da anini mai huda. Tana da 'ya'ya aka kawo naira a Janairun 1973, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, sule kuma kwabo goma. Har gobe idan za ta ce naira dubu, jaka biyar take cewa. Ni kuwa na sa wannan a lissafin gigin tsufa, alhali ban taɓa ganin wanda ya cuce ta ko kwabo a ciniki ba.

A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023. Na nufi ɗakinta ina jin kaina mai ceto. Ta buɗe adaka, ta ɗaga zannuwa, ta fito da abin da ta tara. Kafin ta miƙo, ta ce, "Maigidana, zauna tukuna. Ba wannan ne canjin farko da na gani ba."

Ta ba ni labarin canjin lokacin yaƙin basasa, a 1968. Ta ba ni na Afrilun 1984, lokacin da soja suka sauya launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane wa'adin da bai kai mako biyu ba. Abin da ta koya, in ji ta, shi ne duk lokacin canji takarda wuya take yi, mai hatsi a ɗaka da ƙananan kuɗi a hannu shi ne sarki. Don haka in raba kuɗin uku: kashi ɗaya in sayo gero da gyaɗa, kashi ɗaya in nemo mata 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin tunda canjin bai shafe su ba, ragowar in kai bankin.

Dariya na yi. Na ce, "Hajiya, wancan ai zamanin soja ne. Yanzu kuɗi a cikin waya suke." Na san karin maganar abin da babba ya hango, amma na ɗauka wayata ta fi rimi tsawo. Tunda ba ta da asusu, ba ta da BVN, sai na zuba komai a nawa asusun. Na ce mata, "Duk abin da kike so, ki faɗa mini kawai." Har wani daɗi na ji da na faɗi haka, wai ni jika nagari.

Kowa ya san yadda Fabrairu ta kasance. An ƙara wa'adi zuwa 10 ga wata, sababbin kuɗin kuwa sai labari. Layi tun asuba a bakin ATM, masu POS na yankar kaso mai tsoka, a tura kuɗi su maƙale a hanya, mai kayan miya ta ce ita ba ta san taransifa ba. Na je na ce wa Hajiya ta yi gaskiya, muka yi dariya, na ɗauka na biya bashin kuskurena ke nan. Ashe ƙaramin na gani.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, sannu a hankali takarda ta dawo hannun jama'a. Ban mayar mata da kuɗinta ba. Na ce sun fi tsaro a wurina. Goro, magani, sabulu, duk ina kawowa kafin ta tambaya. Da ta daina zuwa biki da suna tana cewa gwiwa ce, sai na sayo man zafi, har asibiti na kai ta.

Wata rana ɗiyar wata aminiyarta da ta rasu ta zo daga Bichi da goron gayyatar auren 'yarta. Suka sha hira, baƙuwa ta yi sallama. Ina zaune na ga hannun Hajiya ya tafi haɓar zani da kansa, ta kwance ƙullin, babu komai a ciki. Ta mayar ta ƙulle. Sannan ta dube ni, ta rage murya, ta ce, "Ko za ka ɗan taimaka mini da na mota in ba ta?"

Taimako ta nema, a kan kuɗin da ta tara a bakin wuta tun ba a haifi ubana ba. Kuma ko a nan ban farka ba. Na zaro waya, na tambayi baƙuwar lambar asusunta, na tura. Matar ta durƙusa a gabana tana cewa, "Allah ya saka da alheri, Malam, Allah ya ƙara buɗi." Hajiya na gefe, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

A cikin godiyar nan ne jikina ya yi sanyi. Kuɗin nata ne, zumuncin nata ne, addu'ar kuma ni aka yi wa. Nan na gane ciwon gwiwar da nake ta saya wa magani. Mace irin Hajiya ba ta shiga gidan biki hannu rabbana. Tana riƙe da lissafin shekaru a kanta: wadda ta kawo mata gudummawa a auren wane, da abin da ya kamata ta mayar, da ƙarin da za ta ɗora. Akwai tukuicin yaron aike, da sadakar Juma'a, da abin da take cusa wa bazawarar maƙwabta a hannu ba wanda ya gani. Da na ce ta faɗa mini kawai, kowace kyauta tata sai da izinina, kowane sirri sai da shaida. Ita kuwa gara ta zauna a ɗaki da ta riƙa yi wa jikanta bayanin wanda za ta ba da dalilin bayarwa.

Tsufa ya riga ya karɓi haƙoranta da ƙarfin idonta da yawancin ƙawayenta. Man kamfani ya ci kasuwar sana'arta. Abin da ya rage mata na girma shi ne hannunta ne ke miƙawa, kuma shi na karɓe. Matar da ta rayu a zamanin En'e, ta ga 'yancin kai a 1960, ta tsallake farin 1973, ta iya zama da kowane zamani da ya zo mata. Ni da zamani ɗaya tak na sani, ni ne na yanke mata hukuncin cewa an bar ta a baya.

Na ciro kuɗin na kai mata a hannu, na ba ta haƙuri. Ta ƙirga a nitse, ta gaya mini abin da ya yi ƙasa, daidai da kuɗin cirewar da na manta ban cika ba. A satin nan ta je suna.

Da wuya a ce kai ma ba ka da wani tsoho da kake sauƙaƙa wa rayuwa. Wani ya karɓe wa mahaifinsa zuwa gona, wata ta hana uwarta shiga madafa, wani ya kwashe iyayensa daga unguwar da kowa ya san su ya kai su gida mai katanga. Duk cikin ƙauna ake yi. Kafin ka yi, lissafa abubuwan da tsohon ke yi da kansa yau waɗanda daga gobe sai ya roƙe ka. Idan ka samu ko guda, koma ka tambaye shi yadda yake so a yi, kuma ka bari ya gama magana kafin ka yi dariya.