Bibury: Ƙauyen Da Kyansa Ya Jawo Masa Wahala

Duk wanda ya bar Landan ya nufi yamma, bayan tafiyar kimanin mil 80 zai shiga wata ƙasa mai 'yan tuddai da makiyayar tumaki, wadda ake kira Cotswolds. A nan ne ƙauyen Bibury yake, a bakin wani ɗan rafi mai suna Coln, kimanin mil 7 daga garin Cirencester. Ruwan rafin garau yake, har mutum ya tsaya bisa gada ya ƙirga kifin da ke ciki. Gidajen kuwa duk na dutse ne mai launin zuma, mazaunansu ba su kai 700 ba.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne wani jerin gidaje da ake kira Arlington Row. An gina shi wajen shekarar 1380 don ajiyar gashin tumaki, a ƙarni na 17 kuma aka mai da shi gidajen masaƙa. William Morris, wani mashahurin mai zane na ƙarni na 19, ya taɓa cewa duk Ingila babu ƙauyen da ya kai wannan kyau. Yabon nan kuwa ya zame wa mutanen Bibury alaƙaƙai. Ran da aka yi hutu, dubban 'yan yawon buɗe ido ke kwararowa cikin manyan motocin safa, su cika ƙuntatacciyar hanyar ƙauyen, har mai gida ya rasa ta inda zai fitar da motarsa.

To, wa zai kai kukansu? A nan ne za a ga amfanin majalisar ƙauye, wato matakin mulki na can ƙasa a Ingila. Yankin da take kula da shi Turawa suna kiransa "parish", sunan da ya samo asali daga coci. A da, taron dattawan coci ne, limamin Kirista na shugabanta, ke kula da matalauta da gyaran hanyoyi. A shekarar 1894 aka yi doka wadda ta raba aikin coci da na mulkin ƙauye, aka kafa majalisu na zaɓe, har aka yarda mata su tsaya takara. Yau irin waɗannan majalisu na ƙauyuka da ƙananan garuruwa sun kai kimanin 10,000 a Ingila.

Tsarinsu ba shi da wuyar ganewa. Ana zaɓen kansiloli duk bayan shekara 4, kuma doka ta ce kada su gaza 5. Galibinsu ba su karɓar ko anini, aikin sa kai ne. Za ka tarar da manomi da mai kanti da malamin makaranta da ya yi ritaya duk a teburi ɗaya. Su ne ke zaɓen shugaba daga cikinsu kowace shekara. Mai albashi shi ne magatakarda, wanda ke rubuta abin da aka zartar, ya amsa wasiƙu, ya riƙe littafin kuɗi. Kowace shekara majalisar takan ƙayyade abin da take bukata, sai majalisar gunduma ta tara mata shi a cikin harajin gidaje. Ƙarshen shekara kuma masu binciken kuɗi su bi lissafin dalla-dalla.

Ba a zama a ɓoye. Tilas a liƙa sanarwa kwana 3 cur kafin taro, kuma kowa na da ikon shiga ya zauna ya saurara. Dokar da ta buɗe wa jama'a da 'yan jarida ƙofa an yi ta a 1960, wadda ta kawo ta gaban majalisar dokoki kuwa ita ce Margaret Thatcher, tun tana sabuwar wakiliya. Ban da wannan, sau ɗaya a shekara, tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, akan kira taron dukkan masu ƙuri'a na ƙauyen, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Ayyukan irin waɗannan majalisu ƙanana ne, amma su ne mutum ke cin karo da su kullum: yankan ciyawa, filin wasan yara, rumfar jiran bas, kwandon shara, maƙabarta, zauren taro, da 'yan filayen lambu da ake ba marasa gona haya. Manyan al'amura kuwa ba a hannunsu suke ba. Izinin gini na majalisar gunduma ne, wadda ga mutanen Bibury tana Cirencester. Majalisar ƙauye sai dai a sanar da ita ta ba da shawara. Hanyoyin mota kuma na majalisar lardin Gloucestershire ne.

Saboda haka majalisar Bibury ba ta da ikon hana ko mota ɗaya shiga ƙauyen. Abin da take da shi baki ne, shi kuwa ta yi amfani da shi. Ta tattara koke-koken jama'a, ta dinga matsa wa na sama, har a 2025 majalisar lardin ta fara gwada hana manyan motocin safa yin doguwar tsayuwa a tsakiyar ƙauyen, sai dai su sauke fasinja su wuce. Ba kowa ne ya yi murna ba, domin masu shaguna da gidajen abinci da baƙin nan suke ci. Ga mai neman barci, ga mai neman ciniki, dukkansu kuma maƙwabtan kansilolin ne, gobe da safe za su haɗu a hanya.

Tsarin yana da nasa rauni. A ƙauyuka da yawa ba a samun isassun 'yan takara, sai waɗanda suka tsaya su wuce ba hamayya, su kuma nemo wasu su cike gurbi. Matasa ba su cika zuwa ba. Duk da haka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Gloucester taswira yake dubawa, amma kansilan Bibury ya san kwanar da safa ke maƙalewa, ya san kuma tsohuwar da ke tsoron tsallaka hanya a nan. Muddin ana samun masu ba da lokacinsu kyauta su zauna su yi wannan magana, ƙauyen ba zai rasa mai tsaya masa ba.