Walda Ba Liƙi Ba Ce

Duk manomin rani a Auyo ya san cewa ƙarfe ba ya karyewa sai ranar da aka fi bukatarsa. Garma da amalanke da ƙafar injin ban ruwa, kowanne tsakiyar aiki yake jira. Dalilin da ya sa ke nan na sayo ƙaramin injin walda a Haɗeja, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, don in huta da zaryar kai gyara. Ni malamin makaranta ne, kuma na ɗauka murɗa maɓalli ɗaya ba zai gagare ni ba.

Aikina na farko shi ne ƙarfen da ke haɗa amalankenmu da karkiyar shanu. Tartsatsi ya tsorata ni, sai na yi ta rage wuta har ya lafa. Ɗinkin ya kwanta kamar igiya, na goge shi, na shafa fenti, ina ta alfahari. Bayan kwana uku, ƙanena na tafe da buhunan shanshera a bakin babbar hanyar ruwa ta aikin noman rani na kwarin Haɗeja, sai ƙarfen ya ɓalle. Buhu biyu suka faɗa ruwa, shi kuma ya tsira da targaɗe. Allah ne ya kiyaye.

Da kunya na kai ƙarfen wurin wani dattijo mai walda. Ya juya shi, ya ɓanɓare ɗinkin nawa da kurfi kamar ɓawon rogo.

"Malam, liƙi ka yi," in ji shi. "Wutarka ba ta ci ƙarfen ba."

Na ce, "Baba, ai ya yi kyau a ido."

Ya ce, "Ido ne zai ja kayan?"

A yinin nan na fahimci cewa kaurin ƙarfe ke zaɓar sandar walda, sandar kuma ita ke zaɓar wuta. Sanda mai geji 12, wato milimita 2.5, tana son amfiya 60 zuwa 90. Mai geji 10, milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130. Idan wuta ta yi ƙasa, sanda kan manne, narkakken ƙarfe ya taru a sama bai shiga ciki ba. Idan ta yi yawa, tartsatsi ya ƙaru, gefen ɗinki ya zaizaye, falle marar kauri ya huje. Tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar. A kankare tsatsa da fenti kafin a fara. A kuma adana sanduna a busasshen wuri, domin danshin fadamarmu kan shige su, ɗinki ya fito da ramuka kamar saƙar zuma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dattijon bai amince da lambar da ke jikin inji ita kaɗai ba, tunda wutar janareta hawa da sauka take. Yakan gwada a guntun ƙarfe, ya saurara. In ƙarar ta daidaita kamar ana suyar ƙosai, ɓawon ɗinki kuma ya ɗago ba da wahala ba, to wuta ta yi. Duk da haka sai ya sa guduma ya buga.

Kullum muna jin an raba wa matasa injinan walda da sunan koyar da sana'a. Abu ne mai kyau, amma inji ba ya koyarwa. Waɗannan matasa ne za su ƙera hasumiyar tankin ruwa da ƙofofin makarantu da amalanken da 'ya'yanmu ke hawa. Ya kamata duk wanda aka ba inji a haɗa shi da gwani, ya zauna a gabansa watanni.

Ni dai na sake ɗinka ƙarfen da sanda mai geji 10, Baba na tsaye a kaina. Bai yi kyan na farko ba, amma damina biyu ke nan yana jan kaya.