Hutun Bakin Teku Na Mai Ƙaramin Albashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu, in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna wata shawara da na yanke.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Faskari. Kowa ya san abin da ya sami ƙasarmu da ta Sabuwa da Ƙanƙara, har ya kai ga ɗauke 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Wanda ya shekara yana barci da kunne ɗaya a buɗe, ba hutun kwana uku ya ke bukata ba. Saboda haka na ƙudura in babban hutu ya zo, in Allah ya yarda, in tafi bakin teku a ƙasar Gana in yi wata guda cur. Abokaina suna dariya, wai wannan aikin Turawa ne da masu kuɗi. Ni kuwa na ce otal ne ke da tsada, teku kyauta ce.

Ga hanya: daga Funtuwa zuwa Ikko, a ƙetare iyaka a Seme, a wuce Kwatano, a ratsa Lome, a shiga Gana ta Aflao. Bisa ga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya na iya zama a waɗannan ƙasashe har kwana 90 ba da biza ba, muddin yana riƙe da fasfo. A haɗa da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Kuɗi iri biyu za a canja, sefa don Binin da Togo, sidi don Gana.

Ban zaɓi Ankara ba, watau babban birnin Gana, balle Elmina inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa. Keta na zaɓa, wani garin masunta da ke kwance a kan siririn rairayi, teku a hannu ɗaya, tafki a ɗaya. Akwai tsohuwar ganuwa da mutanen Denmark suka gina a 1784, teku ta ci wani sashi nata kamar yadda ta ci unguwanni na garin. Lokaci ma ya yi mini daidai, gama cunkoson baƙi a Gana cikin Disamba ya ke, musamman tun bikin komowar jikokin bayi na 2019. Agusta kuwa ruwan sama kan tsagaita a wannan gaɓa, iska ta yi sanyi. Abin da ke damuna kawai gonar masarata, dole in bar ta a hannun ƙanena.

To, babbar maganata ita ce masauki. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su san otal ba. Zango su ke nufa, su gai da Sarkin Zango, a haɗa su da mai masauki. Zangunan nan suna nan har yau, da wuya ka sami babban gari a Gana ko Togo wanda ba shi da nasa, da masallacinsa, da masu jin Hausa. Can zan nemi ɗaki a kuɗin wata, ba a kuɗin kwana ba, gama nan ne bambancin ya ke. In tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, in dafa da kaina. Kifi kuwa, al'adar masuntan wurin ce wanda ya taya su jan koma zuwa tudu a ba shi ɗan rabo. Amma fa kada a je wa mai masauki hannu rabbana, ƙullin daddawar gida ya fi masa daɗi bisa ga kuɗi.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai biyo ni. Iya ruwa fid da kai, kuma wanda ya koyi iyo a kududdufin bayan gari bai iya teku ba. Igiyar wannan gaɓa tana jan mutum ta ƙasa. Ni dai iyakata idon sawu, in zauna gindin kwakwa da littattafaina.

In akwai malamin Sabuwa ko Ƙanƙara da zai so mu raba kuɗin ɗaki, ya aiko da amsa ta wannan fili kafin ƙarshen Yuni.

Wassalam. Naka,
Wani Malamin Makaranta, Faskari.