Karatun da ba ya kawo kuɗi yau

Iyaye kan tambaye ni amfanin karatun da ba ya kawo kuɗi nan take. Nakan ba su labarin Francisco Mojica, ɗalibin digirin dokta a Alikante ta ƙasar Spaniya. A 1993 ya lura da wasu sassa masu maimaituwa cikin ƙwayoyin gadon ƙananan halittun ruwan gishiri. Sai a 2005 ya bayyana aikinsu: bakteriya kan ajiye guntun bairus ɗin da ya kai mata hari, don ta gane shi in ya dawo. Wannan dabarar ce tushen maganin amosanin jini da Birtaniya ta amince da shi a 2023. Don haka yaro mai yawan tambaya, kada mu kashe masa gwiwa.