Dokar dara a bakin wa take?

Kowa a Kona ya iya dara, ko dai ya iya tsayawa bisa kan masu yi yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Amma ce ma mutum ya rubuta maka dokarta a takarda guda, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Ni na gwada a hutun bana, da kaye da bik.

Abin da aka yarda da shi bai kai rabin shafi ba. Gurbi 30 ne, jeri 5 na shida-shida. Kowa da ƴaƴa 12, wannan kara, wancan tsakuwa. A dasa ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin dashe. Sannan a fara tafiya gurbi guda, gaba, baya ko gefe. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin wasanka.

Daga nan gardama ta tashi. In huɗu suka jeru fa? Ana cin ɗan da ke cikin jerin uku na wancan? In tafiya guda ta haifi jeri biyu, ci ɗaya ne ko biyu? In an toshe mutum ba shi da inda zai motsa, ya faɗi ke nan? Tsofaffin unguwarmu suka ba ni amsa, wani abokina ɗan Mayahi ya ce su ba haka suke yi ba, kuma kowa rantsuwa yake.

Wannan ciwon kai ba mu kaɗai ke da shi ba. A Amurka akwai wani wasa, Dungeons & Dragons, da ake yi zaune kewaye da tebur. Kowa ya zama wani jarumi cikin labari, mutum guda ya zama mai ba da labarin kuma alƙali, ana jefa ƴaƴa irin na lido don a san wa ya yi nasara. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da dokokinsa a 1974, cikin ƴan littattafai uku. Masu wasa suka yi ta aiko da tambayoyi, har mujallar Dragon ta ware fili na amsa su. Kafin bugu na biyar ya fito a 2014, tun 2012 aka saki daftarinsa ga jama'a, su buga su faɗi inda ya cije. Bayan ya fito kuma aka bi shi da takardun gyara, a 2024 aka sake sabunta littattafan. Shekara 50 ana gyara doka, ba wanda ya ji kunya.

Dabararsu da ta fi burge ni ita ce gwaji da baƙo. Miƙa takardar ga wanda bai taɓa wasan ba, ka ja bakinka ka yi shiru. In ka rubuta "a matsa zuwa gurbin da ke kusa", zai tafi a karkace, kuma shi ke da gaskiya, don na karkacen ma kusa yake. A gindin bishiya akwai dattijon da zai buge mishi hannu. Takarda ba ta da hannu, dole kalmar ta yi aikin.

Sai dai rubutu na da haɗarinsa, mu ƴan ilimin harshe mun san shi. Hausar boko ta jingina da Kananci, shi ya sa yaron da ya ce "shina zuwa" yake jin kamar ya yi kure, alhali maganar uwarsa ce. Ranar da darar gari guda ta shiga littafi ko salula, za mu ga yaro yana ce ma tsohon da ya shekara arba'in yana wasa wai bai iya ba. Wallahi wannan ba gyara ba ne.

Don haka a kayena kowace tambaya na bar mata layi fiye da ɗaya: ga yadda ake a Kona, ga abin da ɗan Mayahi ya ce, ga filin Tasawa da Maradi yana jira. In kun koma gida hutu, ku kai ma tsofaffinku tambayoyin nan huɗu, ku rubuto amsar da sunan garin. Littafinmu na fotokwafi ne, sake shafi guda ba zai karya kowa ba.