An Samo Maganin Sikila, Amma Tsaya Ka Ji

Ya kai mai karatu, na san ka san irin labarin, ko a fim ko a littafi. Yaro da yarinya sun shaƙu, an kai gaisuwa, an sa rana, sai likita ya cire tabarau ya ce dukkansu biyu AS ne. Daga nan sai kuka, sai waƙar rabuwa a cikin lambu. Mun sha kallo, mun sha share ƙwalla. Amma sau nawa aka gaya mana mene ne AS ɗin? Haruffa biyu kawai ake jefo mana kamar hukuncin alƙali.

To, labarin ya canja a duniyar likitoci, shi ya sa na ɗauki biro. A watan Nuwamba na 2023 hukumar magunguna ta Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, wata guda bayan nan Amurka ta bi sahu. Shi ne magani na farko da aka halatta wanda ke shiga cikin ƙwayoyin halittar ɗan'adam ya yi gyara da wani almakashi da masana ke kira Kirisfa. Kuma cutar da aka fara da ita tamu ce: amosanin jini, wato sikila.

Bari in koma da kai baya kaɗan. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai sinadarin himogulobin, shi ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Umarnin ƙera shi a rubuce yake cikin gadon da muka samu, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A wajen mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a rubutun, kamar dai mai buga littafi ya yi tuntuɓen harafi guda, amma a kwafin biyu duka. Wannan harafin ne ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta haddasa ciwon ƙashin nan da ke sa yaro birgima cikin dare. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ita kuwa mai siffar lauje da ƙyar take wuce kwana 20. Shi ya sa kullum jini ke ƙaranci.

Abin mamaki, harafin nan ba banza ya yaɗu a ƙasashenmu ba. Tun 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai kwafi ɗaya, wato AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sauro ne ya yi wa sikila shimfiɗa. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da S, kuma babu ƙasar da ta kai ta haihuwar jarirai masu cutar.

Dabarar sabon maganin ita ta fi burge ni. Ba su taɓa harafin da ya lalace ba sam. Ashe jariri a ciki yana da nasa himogulobin na daban wanda ba ya lanƙwasa, sai bayan haihuwa jiki ya kashe makunninsa. Ka lura jaririn sikila ba ya fara laulayi sai ya yi wasu watanni? To dalilin ke nan. Sai masana suka ce a je a sake kunna na jarirantaka. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a kai ɗakin bincike, a datse wurin da ke riƙe makunnin a kashe, sannan a mayar masa. Almakashin kansa mata biyu ne suka bayyana shi a 2012, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, aka ba su kyautar Nobel a 2020. Wata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa aikin a 2019. A gwajin da aka miƙa wa hukumar Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Tambayi uwar mai sikila abin da shekara guda babu kwanan asibiti take nufi.

Sai dai fa, ɗan'uwa, kada ka yi saurin guɗa. Kuɗin da aka sa wa maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ni ko lissafa shi da naira ban yi ba, don kada hawan jini ya kama ni. Kafin a mayar da ƙwayoyin kuma sai an ƙone tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji: gashi ya zube, a yi makonni a killace, kuma yana iya hana haihuwa. Ga kuma abin da marubutanmu ya kamata su riƙe da kyau: gyaran a jini ya tsaya, bai shiga abin da ake gadar wa 'ya'ya ba. Wanda aka warkar zai ba ɗansa S ɗin nan daram.

Wato likitan fim mai tabarau yana nan da aikinsa. Abin da nake so kawai a bar shi ya ƙarasa magana. Ya faɗa cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki fa. Na sha jin ana cewa ai ɗa na huɗu ne kaɗai zai kamu, don haka a haifi uku a tsaya. Wallahi ba haka ba ne. Ana iya samun uku a jere, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Madalla, amma gwajin da aka yi bayan an haɗa lefe ya makara. Me zai hana jarumar littafi ta san rukunin jininta tun tana sakandare?

Kuma a daina kashe mai sikila a shafi na ƙarshe don kawai a sa mu kuka. Akwai tsohon magani mai sauƙin kuɗi, haidiroksiyuriya, wanda shi ma himogulobin na jarirantaka yake ƙarawa, ƙwaya ce ake haɗiya kullum bisa kulawar likita. A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu sun gwada shi a kan yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo yana ba da kariya. Binciken Kano ne, a kan 'ya'yanmu, duniya ta karanta. Ina jiran furodusan da zai ɗora kyamara a wannan ɗakin, ya nuna mana yarinya SS da ta sha maganinta, ta gama makaranta, ta zaɓi miji AA da idonta a buɗe.