Ƴar kyamarar da ba ta da layi

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Gidana yana Tawa, amma aikina yana ƙauyukan arewacin Adar, daga Kalfu zuwa Barmu, wani lokaci har Keita da Tabalak. In an gama girbi, aka buɗe azuzuwan manya, sai in ɗaure jaka bisa babur in shiga zagaye. Yau ina so in ba ku labarin kyamara biyu da na yi tafiya da su, babba da ƙarama.

Wani zai ce, mene ne haɗin malamin karatu da ɗaukar hoto? Ga dalili. Lokacin da nake makarantar horon malamai, an ba mu labarin wani malami ɗan ƙasar Barazil, sunansa Paulo Freire. A shekara ta 1963, a wani gari da ake kira Angicos, shi da abokan aikinsa sun koya wa manya kimanin 300 karatu cikin ƴan makonni. Dabararsu ita ce su nuna hoton abin da mutane suka sani, a yi hira a kansa, sannan a rubuta sunan abin, a rarraba shi gaɓa-gaɓa. Wannan dabara ta zauna mini a rai. Littattafan da nake da su suna da zane, amma rijiyar da ke ciki ba irin tamu ba ce, gonar ma babu dutse ko ɗaya. Wanda ya san Adar kuwa ya san gonar da ba dutse sai an bincika. Sai na ce, bari in ɗauko hotunan ƙauyukanmu da kaina.

Wani abokina da ke aiki da wata ƙungiya ya ara mini tasa. Baƙa ce, babba, da gilasai biyu masu tsawo da ake kwancewa a ɗaura, da sanduna uku da ake kafa ta a kai, da jakarta ta musamman. Da na rataya ta, sai na ji kamar na goya yaro. Ya ce mini kuɗinta ya fi na babur ɗina. Wannan magana ita ce ta hana ni barci kwana huɗu.

Hanyar Tawa zuwa Tabalak kwalta ce, ba laifi. Amma in ka sauka daga kwalta ka hau tudun duwatsu, kowane tsalle da babur ya yi sai gabana ya faɗi. Da na isa ƙauyen farko, na kafa sandunan nan a gindin wata adduwa. Kafin in ɗaura gilashi, yara sun cika wurin. Mata suka shige gida. Maza suka tafi suka sako manyan riguna, suka jeru, suka ƙame kamar soja. Wani dattijo ya matso ya ce mini, "Malam, mi za a raba?" Na ce, "Baba, ba rabo ba ne, hoto ne na karatu." Ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya ce, "Duk wanda ya zo da irin wagga, ya kan rubuta sunaye, ya tahi, ba mu sake ganin shi."

Na rasa amsa. Ga ni ɗan ƙasa, mun sha fura tare ba sau ɗaya ba, amma ƙarfen da ke wuyana ya mayar da ni baƙo. Ranar ta biyu batirinta ya ƙare. Irin nata ne ita kaɗai, ba a sayar da shi a tebur, garin kuma ba wutar lantarki. Na ƙarasa zagayen ina dakon kaya. Ko alwala zan yi, jakar tana gefena. Da na koma Tawa na duba abin da na ɗauko: mutane a tsaye, ba mai dariya, ba mai aiki. Hotunan sun fito fes, har ana ƙirga zaren hula, amma babu wanda zan iya koyar da kalma ɗaya da shi. Na mayar wa mai abu abinsa, na yi godiya, na yi barci.

Bayan wata biyu, ran Lahadi, ina yawo a kasuwar Tawa wajen masu tsofaffin rediyo da fitilu, sai na ga wata ƴar kyamara mai launin azurfa cikin kwali. Girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Gefenta ya goge, murfin batiri an ɗaure shi da roba. Irin waɗanda aka yi yayi wajen shekara ta 2005 ce, kafin wayoyin hannu su kashe musu kasuwa. Na tambayi mai kaya, "Tana yi?" Ya zare batir biyu daga wata ƙaramar rediyo ya sa mata. Ta buɗe ido. Na biya kuɗin da bai kai na ɗan akuya ba, na jefa ta aljihu.

Bari in ɗan bayyana yadda irin wannan kyamara take aiki, don wasu sun tambaye ni ina fim ɗinta. Ba ta da fim. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti da bai kai farce ba. In haske ya faɗa masa, sai ya mayar da shi ƙananan ɗigo masu launi, ya ajiye su cikin wani ɗan kati. Tawa tana yin ɗigo miliyan 5 a hoto ɗaya. Na zamani suna yin miliyan 20 ko fiye. Amma hoton da ake wankewa a takarda mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan 2 sun ishe shi. Kun ga ke nan tsohuwar tawa tana da rara. Wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ne ya haɗa ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, ɗigonta 10,000 kacal, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Da na ji haka, na daina raina tawa.

Tana da aibinta, ba zan ɓoye ba. In ka danna, sai ta yi tunani kafin ta ɗauka. Na taɓa zuwa da ita filin kokowa na Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Duk lokacin da na danna, kafin ta yanke shawara an riga an yi kaye. Na dawo da hotunan ƙura da ƙafafun alƙali. Da dare ma ba ta gani sosai, abin da ke nesa kuma sai ka taka ka je. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta, shi ya sa nake naɗe ta cikin leda, in sa cikin tsohuwar safa. In zan daɗe ban yi aiki da ita ba, ina cire batiran don kada su zubo. Na kuma koyi in ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar, rana tana bayana. Da tsakar rana fuskoki baƙi ƙirin suke fitowa.

To, wani zai sake cewa, Malam, ba ka da waya ne? Ina da ita, kuma tana ɗaukar hoto fiye da wannan tsohuwa. Amma ku ji abin da ya faru a wani ƙauye, gabas da Barmu, inda nake da ajin mata.

Yawancin mazan garin suna bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Mata ke riƙe da gida da gona. A cikinsu akwai wata dattijuwa, kowa Inna yake ce mata. Ita ce ba ta fashi, ita ce kuma ba ta yarda da komi sai ta juya shi. Ranar da na fito da waya zan ɗauki ajin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Ɗana, mayar da ita. Hoton da ya shiga waya ba shi da linzami. Yau shina nan, gobe shina Abijan, jibi wani da ban sani ba shina dariyata." Gaskiya ta faɗa. Kowa ya ga yadda hoto ke yawo a WhatsApp, mai shi bai sani ba.

Zuwa na gaba sai na fito da ƴar azurfar. Inna ta ce, "Wagga fa, wa take kira?" Na ce, "Inna, ba ta kiran kowa. Ba ta da layi. Abin da ta gani yana cikin ɗan katin nan. In ba ki so, ga maɓalli, ki share da hannunki." Na ɗauke ta, na nuna mata, na nuna mata inda za ta danna. Ta share. Ta ce in sake. Ta sake sharewa. Sau uku muna haka, ajin yana ta dariya. A na huɗu ta gyara ɗankwali, ta ce, "Bar wannan."

Daga nan na yi abin da ba zan taɓa yi da babbar ba. Na sa mata igiyar a wuyan hannu, na ba ta batir huɗu, na ce ta riƙe har mako biyu, ita da ƴan ajin su ɗauki duk abin da suke so a koyi rubuta sunansa. Na hau babur na tafi. In ta faɗi ta fashe, asarar ɗan akuya ce.

Da na dawo, akwai hoto fiye da 100 a ciki. Wasu yatsa ya rufe, wasu sama ce kawai. Amma sauran, ni da karatuna ban taɓa tunanin ɗaukarsu ba. Akwai guga da ya yage. Akwai hannun wata mata da ya tsattsage da ɗaukar dutse. Akwai tiya, an cika ta da hatsi, an kuma ɗauke ta rabi, don a nuna bambancin farashin kaka da na bazara. Akwai ramukan tassa a jere bisa faƙo, kowane da ɗan takinsa. Da na kai su Tawa aka wanke, na manna na tassa a allo, na rubuta kalmar a ƙasa. Ranar ban yi magana da yawa ba. Su suka gaya mini faɗin rami da zurfinsa, da lokacin zuba taki, da yadda gara ke huda ƙasa ruwa ya shige. Ni abin da na ƙara kaɗan ne: cewa manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake gyara wannan dabara, kuma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya fara tun 1984, inda mata da yawa suka yi dakon duwatsu. Wata ta ce uwarta tana cikinsu. Kafin la'asar, mata 11 sun rubuta tassa, taki, dutsi, ba tare da duba allo ba.

Akwai hoto ɗaya da Inna ta ɗauka wanda ban gane ba. Wani kwazazzabo ne, da wata ƴar bagaruwa a bakinsa, can baya kuma ana hango rijiyar gari. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Ajiye shi. In damina ta wuce ka kawo mini akwatin." Na ajiye. Bayan damina na kai mata. Ta je ta tsaya daidai inda ta tsaya da farko, ta sake ɗauka. Muka jera hotunan biyu bisa tabarma a gaban maigari. A na farko, tsakanin bagaruwa da bakin rami akwai wurin da jaki zai wuce da kaya. A na biyu, saiwoyin bagaruwar suna lilo a iska. Kowa a garin yana bin wurin kullum, amma ƙasa tana tafiya kaɗan-kaɗan, ido ya saba. Maigari ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Saura damina nawa ta kai rijiya?" Ba wanda ya amsa.

Ajin ya rubuta takarda zuwa ga hukuma, da hannun mata uku, aka haɗa da hotunan biyu. Har yanzu muna jiran amsa. Amma garin bai jira ba. Da sanyi ya shigo, aka sa ranar Laraba ta zama ta ɗaukar dutse, ana jerawa a kan kwazazzabon daga sama, inda ruwa ke fara gudu. Waɗanda ke bida ma, da aka ba su labari, wasu sun aiko da kuɗin hayar amalanke.

Duk hoton da aka wanke, in an gama darasi, mai shi nake ba. Na Inna, wanda ta ce a bari, ta juya bayansa ta rubuta sunanta da na garinsu. Ta ɗauki kusan rabin awa tana yi, harafi biyu sun juya baya. Ta ba wani mai komawa Abijan ya kai wa ɗanta, hannu da hannu.

Yanzu ƴar kyamarar ba ta cika kwana a gidana ba. Wannan makon tana wajen masu kamun kifi a tafkin Tabalak, suna so a koyi rubuta sunayen kifaye da na kayan aikinsu. Robar da ke riƙe murfin batirin ta tsinke, sun aiko mini cewa sun ɗaure shi da zaren koma.